Ranar da Liman Ya Sa Na Rufe Littafi

Ko tsufa ya kama ni har na fara manta inda na ajiye hulata, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Laraba ba, ranar da na tara iyayen yara da bakina don su zo su ga gwanintata. Sun zo kuwa, kuma sun gani.

Shekarata ta biyu ke nan da fara koyarwa. Ni mutumin Tambuwal ne, aka tura ni wata firamare a wani ƙauye gaba da Fakku, cikin ƙasar Kebbe, aka ba ni aji biyu. Ciwon makarantar kowa ya san shi: yaro sai ya kai aji biyar bai iya karanta sunansa ba, don haka iyaye suka fara janye 'ya'yansu. Kuma garin ba na jahilai ba ne, garin malamai ne, kowa Liman yake kallo. In ya bar jikokinsa a boko kowa ya bar nasa, in ya cire su sai dai mu koyar da bencina.

Ana cikin haka aka kira mu bita ta kwana biyar a Tambuwal, kan sabuwar hanyar koyar da karatu da rubutu. Abu biyar aka ce mu haɗa: ka karanta wa yara labari, ku karanta tare a babban littafi mai hotuna, ka zauna da su rukuni-rukuni kana sauraron kowa, ka koya musu sautin haruffa, sannan su yi rubutu da hannunsu. Matar da ta koyar da mu ta maimaita har muryarta ta dushe cewa kada mu ɗauki ɗaya mu bar saura. Na gyaɗa kai fiye da kowa a ɗakin (ni ne ma na tashi na yi jawabin godiya, ba wanda ya sa ni).

Ina dawowa ban ko kwance jaka ba na wuce zauren Liman, na durƙusa na ce, "Allah shi gafarta Malam, a ba ni zango guda. In jikokinka ba su yi karatu ba, a kira ni da wani suna."

Ya dube ni ya ce, "Zango guda kac ce? To, mun ji. In sun yi karatu su zauna. In ba su yi ba, damina ta kusa, gona da kiwo na jiransu."

Na fito ina tafiya kamar an ba ni sarauta.

Babban littafin da aka ba mu labarin wata akuya ne da ta ɓalle ta shiga rumbun Inna. Kullum da safe sai in ɗaga shi, in riƙe karan dawa ina nuna kalmomi, ina karantawa suna bina. Kai, abin ya yi mini daɗi! Cikin mako biyu, da na ɗora kara a kan layi sai aji ya ɗauka tun kafin in buɗe baki. Sautin haruffa kuwa wahala ce zalla: ka yi ta "b da a, ba" da yara hamsin da wani abu, rana ta take, rabinsu na gyangyaɗi. Sai na rage shi, daga baya na bar shi gaba ɗaya. Zaman rukuni ma na ce ɓata lokaci ne, rubutu kuma na ce sai sun ƙara ƙwari. Hedimasta, Malam Garba, ya leƙo wata rana ya ce kwana biyu bai ji muna ba-bi-bu ba. Na ce masa, "Ranka shi daɗe, ai an wuce wannan zamanin." Wallahi da bakin nan nawa na faɗa.

Kada ku ce yaudara na shirya. Da yaudara ce da na fi samun sauƙi, don da na san inda zan kare. Ni da gaske na yarda yaran sun iya. Na manta cewa waɗannan yara safe da yamma suna makarantar allo, kunnensu a wase yake, abu in sun ji sau biyu ya zauna. Ni da na tashi a irin wannan makarantar, ni ne na manta.

Ranar Larabar ƙarshen zango iyaye suka cika bayan aji, wasu a benci, wasu a tsaye ta taga. Shi kuwa Liman, na ba shi kujerata. Na sa farar rigata ta Juma'a, na ɗaga littafi, na ɗora kara.

"Inna tana da akuya. Akuyar Inna fara ce."

Murya ɗaya, ba gargada. Shafi na biyu, shafi na uku. Ina jin "Masha Allah" na tashi daga baya, kaina na ƙara girma. A shafi na huɗu na saci kallon Liman, sai na ga ba littafin yake kallo ba, yaran yake kallo. Na bi idonsa. Yara suna ta rausaya gaba da baya yadda ake yi a gaban allo, wannan yana kallon taga, wancan yana wasa da maɓallin rigarsa, jikarsa Saratu kuwa idonta ma a lumshe yake. Ba mai kallon karan da nake ta yawo da shi.

Liman ya ɗaga hannu. "Malam, ɗan rufe littafin ga."

Na yi kamar ban ji ba, na juya shafi da sauri.

"Rufe shi nic ce."

Na rufe. Karan ya faɗi ƙasa.

Ya dubi yaran ya ce, "To, ku ci gaba."

Na roƙi Allah a zuciyata su kakare. Ina! Suka ɗauka daga daidai inda suka tsaya, suka bi akuya cikin rumbu, suka fito da ita, littafi na rufe a hammatata. Da suka kai wurin da kullum nake dakatawa, sai aji duka ya ce da irin muryata, har da jan da nake yi, "To yara, ku dubi hoton nan, me kuka gani?" Sannan suka ba kansu amsa, suka wuce.

Wani dattijo a taga ya yi kabbara, ya ce, "Ko ba littafi ma sun iya!" Biyu-uku suka fara tafi, suka ga Liman bai motsa ba, tafin ya mutu a hannunsu.

"Ɗauki alli," in ji Liman. "Rubuta muna kalma guda daga cikin labarin ga. Wadda kaka so."

Na rubuta akuya. Na zaɓe ta ne don ta fito a kowane shafi, na ce ko makaho ya san ta.

Ya kira Saratu. Yarinya 'yar shekara bakwai ta fito gaban allo, ta dubi kalmar, ta dube ni. Na ƙura mata ido ina motsa leɓe (e, na yi, Allah ya yafe mini). Ta sake duban allo, ta fara a hankali, "Inna tana da..." sai ta tsaya, don ta ga kalma ɗaya ce a gabanta. Hawaye suka zubo mata. Kunya ta kama ni, amma abin da ya fi kunyar ciwo shi ne yarinyar ta ɗauka laifinta ne.

Liman ya jawo ta jikinsa, ya ce da ni ba tare da ɗaga murya ba, "Malam, wagga hadda ce. Mu ma muna ba su hadda, amma sai yaro ya san babbaƙu harafi-harafi, ya san wasali, kana mu ce ya yi karatu. Ku can ba a gaya muku haka ba?"

Na ce, "An gaya muna, Allah shi gafarta Malam."

Ya miƙe ya gyara rawaninsa. "Zango guda munka yi da kai, kuma ya cika. Jikokina maza za su gona. Saratu ta zauna, don ita kas sa kuka gaban mutane, kai za ka gyara."

Da aka dawo hutu yara goma sha tara na tarar. Na koma kan b da a, na zauna da su huɗu-huɗu a tabarma, na sa su rubutu ko da karkatacce ne, labarin ma ban bari ba. Kafin a yi girbi Saratu ta karanta takardar da ba ta taɓa gani ba, wasu iyayen suka maido da nasu. Wasu kuwa ba su dawo ba har abada.

Bara a kasuwar Dogon Daji wani saurayi mai sayar da albasa ya taso da gudu ya durƙusa ya gaishe ni. Ɗan ajin nan ne, cikin waɗanda ba su dawo ba. Ya miƙo mini wayarsa ya ce an turo masa saƙo tun jiya, in taimaka in karanta masa. Sannan ya juya wurin abokansa da fara'a ya ce, "Wanga shi ne malaminmu na boko."

Na karanta masa, na ƙi karɓar albasar da ya ƙulla mini, ya tilasta ni. Shi ya sa yau in aji ya yi mini karatu da daɗi fiye da kima ba na murna, gabana ne ke faɗuwa, sai na tsame yaro ɗaya na ba shi kalma ɗaya tak na ji abin da zai ce.