Kamfas ɗin Aksel da Wayar Ragna

"Lafiya lau, Farfesa. Ke fa? Kin yi barci, ko lissafi ya hana?"

"Morfar, ba hira na zo ba. Ina batir?"

"Ji min yarinya. Ke kika fara gaishe ni, na amsa, yanzu kuma kin janye gaisuwar."

Abin da na fara ji ke nan da safiyar ranar, ina durƙushe a cikin kwale-kwalena ina kwashe ruwan saman da ya taru. Shekara ashirin da biyu jirgina da na Aksel Thygesen suna ɗaure kafaɗa da kafaɗa a tashar Rudkøbing, don haka faɗansa da jikarsa Ragna, 'yar 'yarsa, mai kiransa Morfar, wato kakan wajen uwa a harshenmu, ba baƙona ba ne. Tun tana 'yar shekara biyar suke yi. Yanzu ta kai talatin, ita ce sabuwar malamar fiziks a makarantar garinmu, shi kuma ya ba tamanin baya, amma har yau ba wanda ya gaji.

A makon nan ƙasa duka ana bikin tunawa da Ørsted, shahararren masanin kimiyyar nan ɗan mai kantin magani, mu kuwa da aka haife shi a garinmu mun fi kowa rawar kai. An rataya tutoci, an wanke mutum-mutuminsa har yana ƙyalli. Ragna aka ɗora wa nuna gwajin da ya yi suna da shi, a dandali, ƙarfe sha ɗaya, gaban magajin gari da 'yan talabijin: a kawo waya mai ɗauke da lantarki kusa da kamfas, allurarsa mai nuna arewa ta juya. Kamfas ɗin makaranta duk ƙanana ne kamar murfin kwalba, ba mai hango su daga layi na biyu. Shi ya sa ta nemi aron babban na jirgin kakanta, ta kuma aike shi ya sayo mata babban batir, tunda ita kwana biyu ta yi tana jera kujeru. Lokacin da ta iso, ƙarfe goma ta kusa.

"Ka je kantin?"

"Na je."

"Me ka sayo?"

Ya jawo kwando ya fara fito da kaya ɗaya bayan ɗaya. "Kyafaffen kifi. Baƙin burodi. Man shanu. Da 'yar tuta, saboda kishin ƙasa."

"Kifi."

"Biyu. Ɗaya naki ne, kin rame. Ilimi yana cin mutum."

"Morfar, da kifi zan juya allura?"

"Gwada mana. Ba ku ne masu gwaje-gwaje ba? Wa ya sani, ƙila ke ma a gina miki mutum-mutumi, kina riƙe da kifi ta wutsiya."

"Abu ɗaya na aike ka! Ɗaya! Na rubuta maka a takarda da manyan baƙaƙe kamar na allon bakin titi."

"Takarda mai kyau kuwa. Da ita na naɗe kifin."

Ragna ta dafe goshi, ta dubi sama, ta dubi agogonta. "Shi ke nan. Zan ruga in saya da kaina. Kwance min kamfas ɗin kafin in dawo."

"Wane kamfas?"

"Wanda ka zauna ka tsare kamar kaza a kan ƙwai."

"Au, wannan? Ba na aro ba ne."

"Ran Lahadi ka ce to! A gaban Mama, a kan tebur!"

"Ran Lahadi na'urar kunnena ba ta aiki. Na ɗauka cewa kika yi in ƙara dankali."

"Ai ka ƙara dankalin ma."

"To kin gani? Ban saɓa alkawari ba."

Ta juyo wajena. "Gudrun, don Allah ki yi masa magana."

"Ni ruwa nake kwashewa," na ce. Na daɗe da sanin duk wanda ya shiga tsakaninsu, shi suke haɗuwa su yi wa dariya.

Aksel ya gyara zama, ya ɗora tafinsa a kan gilashin kamfas ɗin. Tsohon abu ne na tagulla, faɗinsa kamar faranti, kullum a goge.

"Saurara, Farfesa. Shekara arba'in ina teku. Doka ta farko da ake koya wa mutum: kada ƙarfe ko waya su kusanci kamfas. Na taɓa korar injiniya daga ɗakin tuƙi saboda tarin makullai a aljihunsa. Yau kuma jinina ce za ta ɗauko waya da gangan, ta ruɗa shi a bainar jama'a, a yi mata tafi."

"Ba ruɗawa ba ne. Kimiyya ce."

"A sa mai gaskiya ya yi ƙarya, shi ne kimiyya?"

"Na daƙiƙa biyar kawai!"

"Haka duk maƙaryata suke farawa."

"Morfar, da ba don wannan gwajin ba, da babu injin da ke tayar maka da jirgi, babu firjin da kake ɓoye cuku a ciki, babu na'urar kunnen da kake kashewa in an zo zancen da ba ka so."

"Ni za ki ba labarin ɗan mai kantin magani? Wa ya koya masa? Kakan kakana."

"An fara."

"Ya shiga kantin ubansa sayen maganin tari, ya ga yaron yana wasa da waya, ya ce masa, kai, kada ka kai wannan kusa da kamfas ɗina. Yaro da taurin kai, ya girma ya je ya kai. Shi ke nan sai suna. Namu kuma ko godiya."

"Bara ka ce kakan kakan naka ne ya koya wa sarki iyo."

"Mutum ne mai yawan aiki."

"Rabin garin nan sun zama dangin Ørsted a makon nan. Mai gidan burodi ta ce kakarta ce ta goya shi. Yanzu ga ka, kai da har yau kake marin rediyo in ta ƙi magana."

"Kuma tana magana. Ke da digirinki, firjinki ya lalace, kika zauna kina kallonsa kwana uku kina rubutu."

"Ina neman dalili ne!"

"Na zo na ga an zare filogi."

"Goma da minti goma," in ji Ragna, kamar mai magana da ruwa. "Shugabar makaranta tana can tana jirana. Wata biyu ke nan da ɗaukata aiki, har yanzu gwaji nake. In na hau dandalin nan hannu wofi, gobe sai dai in zo ka koya min kamun kifi."

"Ba za ki iya ba. Kifi yana gudun surutu."

Ta tsallaka cikin jirgin, ta zaro sukudireba daga jakarta, ta durƙusa. Sai ya riƙe mata wuyan hannu. Ba da ƙarfi ba, amma na ga fuskarsa ta canza, muryarsa ma ta sauka.

"Uwarki ce ta turo ki."

"Mama? Me ya kawo Mama cikin zancen nan?"

"Ran Talata ta zo da wani mutum ya duba jirgin. Yana ta ƙwanƙwasa katako kamar mai sayen kankana. Likita ya ce idona bai isa tuƙi ba, ta ji, ta riƙe. Na san yadda ake yi. Yau kamfas, gobe igiya, jibi jirgin, gata kuma ni, a gidan tsofaffi ina kallon bango."

Ragna ta ajiye sukudireban. Ni ma na daina kwashe ruwa. Na ga mutumin ran Talatar, amma ban ce wa kowa komai ba.

"Ban sani ba," ta ce.

"Hmm."

"Na rantse, Morfar. Ba ta gaya min ba."

Ya saki hannunta, yana kallon ruwa. Ta zauna a kan akwatin igiya. Daga dandali ana jiyo 'yan badujala suna gwada ƙaho, kowa da nasa sauti.

"To wa ma zai sayi wannan kwandon?" ta ce daga baya. "Tun ina firamare yake wari. Sai dai in mutumin itacen wuta yake nema."

"Kwando? Jirgin da kika yi amai a cikinsa sau goma sha ɗaya bai taɓa kai ƙararki ba?"

"Ka ji ni da kyau, tsoho, ka kunna na'urar. Ba na son jirginka. Awa biyu nake son kamfas. Ni zan dawo da shi, ni zan ɗaure shi da hannuna. Zancen Mama kuma ka bar min, yau ni da ita ne."

"In allurar ta ƙi komawa arewa fa?"

"Za ta koma."

"Wa ya ce?"

"Shekara ɗari biyu ana gwadawa a duk duniya!"

"Ba a kan nawa ba."

"To bari in je in sayo batir ka gani da idonka, abin da ya rage na idon."

Ya yi tsaki, ya sa hannu can ƙasan kwandon, ƙarƙashin burodi, ya fito da ƙaton batir sabo fil, ya dire shi a gabanta.

Ragna ta kalli batir, ta kalle shi. "Ashe ka saya."

"Na ce ban saya ba? Kin tambaye ni me na sayo, na fara jero miki, kika katse ni a kan kifi."

"Minti ashirin! Minti ashirin na rayuwata!"

"Kina da saura da yawa. Ni ne mai ƙarancinsu, kuma ban yi ƙorafi ba."

"Wata rana zan tura ka ruwan nan, Gudrun kuma za ta ce ba ta gani ba."

"Ruwa nake kwashewa," na ce.

Ta warware jar waya daga jakarta, ta shimfiɗa ta a kan gilashin daidai da allurar, ta ɗaure baki ɗaya a batir. Aksel ya sunkuyo har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ta taɓa ɗaya bakin. Allurar ta zabura ta yi gefe, kamar an kira sunanta.

"Kai!" in ji Aksel. "Cire! Cire mata!"

Ta cire. Allurar ta yi lilo, ta dawo, ta wuce kaɗan, ta sake dawowa, ta tsaya. Ya ɗaga kai ya daidaita ta da tsinin hasumiyar coci, yadda yake yi kowace safiya. Ya daɗe yana dubawa.

"Ta koma," ya ce a hankali.

"Na gaya maka."

"Sake."

"Morfar, goma da rabi."

"Sau ɗaya ba hujja ba ce. Ba ku ne kuke faɗin haka ba? Ba ni wayar."

Ya karɓa ya taɓa, allura ta tafi. Ya cire, ta dawo. Ya taɓa, ya cire. Sau shida na ƙirga. Yana ta dariya ƙasa-ƙasa, kafaɗunsa na rawa. A na bakwai wayar ta kuɓuce masa, wajen mayarwa ya juya bakunan batir ɗin, allurar kuwa ta yi ɗaya gefen.

"Kin gani? Kin gani? Ta yi can! Na gano sabon abu! Gudrun, ki zama shaida, da kwanan wata da komai."

"An gano shi tun kafin a haifi kakanka."

"Hassada. Malamai duk haka kuke. A kira 'yan talabijin su zo nan."

"Za ka ƙarar min da batir! Taɓa wayar ka ji, har ta yi zafi!"

"Ɗaya kawai."

"Morfar!"

Agogon coci ya buga sha ɗaya saura kwata. Aksel ya ajiye wayar. Ya ɗauki sukudireban da kansa, ya lalubo kan sukurun farko da ɗan yatsa, don idon ba ya gani. Sau biyu sukudireban yana zamewa. Ragna ta miƙa hannu za ta taya shi, sai ta fasa, ta tsaya tana cizon leɓe, ta ɓoye hannun da ke da agogo a bayanta. Sukuru huɗu ne. Ya kwance su duka, ya ɗago kamfas ɗin, ya goge gilashin da hannun rigarsa, ya ɗora mata a ƙirji.

"Kada ki dawo da shi."

"Na ce zan dawo da shi. Ƙarfe ɗaya yana nan."

"Ni kuma na ce kada. Ba uwarki ce ta ƙwace ba, ni na bayar, ki gaya mata haka. Daga nan zuwa bakin tasha ko ido rufe zan je, kuma na san ba zan ƙara wuce can ba. Ke ce mai buƙata. Shekara talatin, har yau in an ce ki nuna gabas sai kin ciro waya daga aljihu."

Ta rungume kamfas ɗin. Idonta ya cika, ta yi sauri ta juya fuska wajena, ni kuma na mai da kai cikin bokiti.

"Nauyi kamar kanka," ta ce.

"Tagulla ce ta gaske. Kan nawa ma haka."

"Ɗauko batir ɗin, ka biyo ni. Hannuna biyu ne kawai."

"A dandalin wa zai taɓa wayar?"

"Ni mana. Ni ce malamar."

"To ba inda za ni. Ƙafata ma ciwo take."

Ta tsaya a kan gadar katako, kamfas a ƙirji, ƙahon 'yan badujala yana ta kiranta. Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda mutum ke yi in ya ga ba mafita.

"Ka ci, tsoho. Kai za ka taɓa. Sau ɗaya!"

"Sau biyu," in ji Aksel, ya haye gadar kamar ɗan shekara ashirin, batir a hammata. "Dole jama'a su ga nawa gefen."