Kujera Huɗu, Mutum Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da son araha ya kai ni kallon ƙwallon kwando a Dubai, ni da ko dokar wasan ban sani ba.

Lokacin shekarata biyu ina aiki a wani ofishin tura kaya da ke Port Saeed, ina kwana a Al Warsan, mu huɗu a ɗaki ɗaya. Iyalina suna Kano: maiɗakina, da 'yarmu ta fari mai shekara goma sha ɗaya, da ƙaninta. Yarinyar ce ta haukace a kan ƙwallon kwando, don ta fi 'yan ajinsu tsawo (ba daga wurina ta gado ba). Da na ga tallar gasar 'yan jami'a, tikitin iyali na mutum huɗu a kuɗin mutum biyu da rabi, har da gugguru da lemo da hula kyauta, sai jinin Kanawa ya motsa. Na ce wannan ai banza ce ta faɗi. Na saya tun saura wata biyu, na tura mata hotonsa, na ce hutun nan tare za mu kalla.

Bizarsu ba ta fito ba, kuma ba a mayar da kuɗin tikiti. Na roƙi abokan ɗakina su raka ni, biyu suna da aiki, na ukun ya ce in ba ƙwallon ƙafa ba ne ko da ladan zama ba ya zuwa. Ni kuwa ba zan iya kallon kuɗina yana ƙonewa ba, sai na saka shaddata na tafi ni kaɗai.

A bakin ƙofa mai gadin ya kalli hulata, ya gaishe ni da Hausar Zangon Kumasi, ya duba tikitin ya ce, "Alhaji, ina iyalin?" Maimakon in faɗi gaskiya in huta, sai na ce suna tafe. Ya sa aka loda min komai huɗu-huɗu, na hau bene ina rungume da gugguru kamar mai talla.

Ɓangaren iyalai aka kai ni. Dama Indiyawa da 'ya'yansu, hagu 'yan Filifin har da kakarsu, kowa na ihu yana goge wa ɗansa baki. Ni kuma na jera huluna a kan kujeru uku ina gadinsu. Wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, ko a ɗakin Al Warsan ranar Sallah. Da abin ya ishe ni na kira gida ta bidiyo, na jingina wayar da kwalin gugguru a kujerar kusa da ni. Yarinyar ta karɓe wayar daga hannun uwarta, ta shiga koya min wasa, tana yi min dariya duk lokacin da na tafa wa waɗanda aka ci.

Ana tafiya hutun rabin lokaci sai na ga fuskata a ƙaton allon filin. Kafin in gyara zama, ga mai gabatarwa a kaina da makirfo, wani Balarabe mai fara'a. Ya tambaye ni ina iyalin, na ɗaga waya, fili ya ɗauki tafi. Har na fara jin kaina wani ne. Sai ya ce akwai kyautar riga da za a buga wa suna, in faɗa wa jama'a sunan 'yata.

To a gidanmu uba ba ya faɗin sunan ɗan fari. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa kiran nawa ba, ni ma shekara goma sha ɗaya daga "ke" sai "babbar". Mutumin ya gaggauta ni da Larabci, "Yalla, habibi." Na buɗe baki, abin da ya fito da Turancina na ofis shi ne wai yarinya ce mai hankali ƙwarai.

Dariyar da aka yi har kakar 'yan Filifin sai da ta riƙe ciki. Mai gabatarwar ya ce lalle Baba ya daɗe a Dubai, ya wuce ya ba wani yaron rigar. Na so ƙasa ta tsage. Amma duk wannan mai sauƙi ne, don da na duba wayar yarinyar ta daina murmushi.

"Baba, mantawa ka yi?"

Ta san al'adar gidanmu sarai, sai dai shekara biyu ba ta gan ni ba. Ni kuma, jarumin maza, na ce mata layi ne ba kyau.

A hanyar fita mai gadin ya ce, "'Yar fari ce ko, Alhaji? Mu a Zango mun daɗe da barin wannan." Bai sake tambayar iyalin ba, Allah ya saka masa.

A bas ɗin komawa, hulunan kyautar a cinyata, na danna saƙon murya na kira sunanta, cikakke, sau ɗaya, na tura kafin in canza shawara. Uwarta ta ce yarinyar ta yi ta sauraronsa har cajin waya ya ƙare. Hajiya mahaifiyata kuwa da labari ya kai mata cewa ta yi Dubai ta lalata ni.

Yanzu in aka tambaye ni ko tikitin iyali yana da araha, cewa nake yi ƙwarai, ga wanda iyalinsa za su cika kujerun. Alkunya kuma ta uban da ke komawa gida kullum da yamma ce, wanda ke nesa in ya yi shiru sai a ɗauka mantawa ya yi. (Kada ku sa rai, a nan ma ba zan rubuta sunan ba.)