Belmiro da Kifin da Bai Ga Ruwa Ba

"Ni fa harshena sikeli ne," in ji Belmiro, yana dukan ƙirji. "Ku sa min loma ɗaya ta bakalyau a baki, in gaya muku tekun da aka kamo kifin, da watan da aka shanya shi, har da halin matar da ta gasa."

Belmiro ɗan kawuna ne, tsohon ma'aikacin gidan waya a Lisbon. A gabansa muna ce masa Sarkin Ɗanɗano, a bayansa Buhun Iska, don ko ƙwai ya ɗora sai ya ƙone tukunya. Ranar muna kan hanyar garin Viseu, ni ke tuƙi, a baya kuma ga Dona Gracinda, bazawarar da ya shekara biyu yana zagaye kamar ƙuda. Zobe na aljihunsa. Shirinsa shi ne ya burge ta wajen cin abincin rana, in an tashi ya nemi aurenta.

Muka tsaya a wani ƙauye, a tsohon gidan abinci mai bangon dutse, hayaƙi na fita ta saman rufi. Tsofaffi huɗu na zaune suna tsoma burodi a man zaitun. Mai wurin, Dona Ermelinda, gajeriyar mata mai damtse kamar taɓarya, ta ce yau akwai naman akuya a tukunyar ƙasa, akwai gasasshen bakalyau.

Ni da Gracinda muka ce akuya. Gogan naka kuwa ya miƙe.

"Ni ba na cin kifin da ban zaɓa da idona ba."

Sai ga shi a kicin, mu ma muka bi don kallo. Kowa ya san bakalyau da gishirinsa ake sayo shi, busasshe kamar katako, sai an jiƙa shi kwanaki ana sake ruwa kafin ya ciwu. Ga wanda aka jiƙa nan cikin baho, amma idon Belmiro ya sauka kan wani ƙato a kan tebur, fari fat.

"Wancan nake so."

"Yallaɓai," in ji Dona Ermelinda, "wancan ɗazu aka sauke shi daga mota. Ko ruwa bai gani ba."

"Abin da ke cutar ku ke nan, mutanen ƙauye! Ku wanke daɗin kifi ku zubar a kwata, ku ba baƙo tsumma ya tauna. Mu masana da gishirinsa muke ci."

Dona Ermelinda ta dube shi sama da ƙasa, ta leƙa waje ta ɗaga murya: "Jama'a, ku shaida, da bakinsa ya nema!" Sannan ta juyo. "Rabin faranti? A nan rabi mutum biyu ke ci."

"Cikakke, Baba. Ni ba yaro ba ne."

Aka kawo faranti kamar tayar mota, kifi na ƙyalli cikin mai da tafarnuwa, dankali kewaye da shi. Tsofaffin nan suka juyo da kujerunsu. Gracinda ta miƙa masa ruwa, ya ture.

"Masani ba ya shan ruwa kan kifi, ranki ya daɗe. Yana kashe harshe."

Ya kai lomar farko. Ka taɓa ganin fuskar mutumin da ya taka ƙusa a gaban surukai? To, haka. Kunnuwansa suka yi ja, leɓɓansa suka tattare kamar bakin jaka.

"Yaya dai?" in ji Gracinda.

"Mmm. Tekun arewa ne," ya ce da ƙyar.

"Teku kam ka samu," in ji wani tsoho. "Duka ka haɗiye shi."

A loma ta biyar hawaye suka zubo. Ya ce na daɗi ne, ya tuna girkin kakarsa. A ta takwas ya saki wani yanki ƙarƙashin tebur don karen gidan. Kare ya sunsuna, ya yi atishawa, ya fito da yankin a baki ya ajiye a tsakiyar ɗaki, ya tafi abinsa. Sai Belmiro ya koma cusa kifi a aljihun kwat a ɓoye. Ba a jima ba mai ya ɓullo ta ƙirjinsa, ya zana taswira.

"Ɗan'uwa, ka haƙura," na raɗa masa. "Ga akuya nan, taushi kamar auduga."

Harshensa ya kumbura ya cika baki. Ya waiga, ya ga Gracinda ta sunkuya tana gyara takalmi. Caraf ya sure wata butar ƙasa daga kan kantar gidan ya kafa kai. Kurɓa uku ya yi kafin maƙogwaronsa ya aiko da labari.

"Wayyo, ruwan tsamin da nake zuba wa latas!" in ji Dona Ermelinda.

Ban taɓa sanin Belmiro na da gudu ba sai ranar. Ya ture kujera, ya tsallake kare, ya yi waje. Muka same shi a famfon dandalin ƙauye, ya tsoma kai cikin kwamin da dabbobi ke sha, wani jaki na gefe yana jiran layi.

Amma ka san Buhun Iska, ba ya saduda. Da ya ɗago ya ga Gracinda tsaye a kansa, ga shi dama a durƙushe, sai ya ga ai dama ta samu. Ya zura hannu a aljihu, ya fito da zobe, guntun kifi manne da shi, ruwa na ɗiga daga gashin bakinsa.

"Gwathinda," ya ce, harshe na sarƙewa, "tha ki auwe ni?"

Gracinda ta ciro hankici ta share masa fuska a hankali, har na ɗauka ya dace. Sannan ta naɗe masa yatsunsa a kan zoben.

"Tashi, Belmiro, jaki na jira. Marigayi mijina ma wawa ne, Allah ya ji ƙansa. Amma shi shekara talatin ya yi yana rufa wa kansa asiri, don ba ya magana."