Rufe-Rufen Korau

A ƙauyenmu akwai wani Korau, ƙato mai gemu, wanda Allah ya ba shi ƙarfi ya rage masa wayo. Iyayensa sun rasu, yana zaune a gidan ƙanen babansa, Baffa Nomau, tsoho mai faɗan tsiya, da matarsa Inna Delu mai daddawa. Korau ba shi da wani wurin zuwa a duniya, Baffa kuwa kullum dalilin korarsa yake nema.

Wata rana akuya ta tsoma kai a tukunyar miyar da Korau ya bari a buɗe. Inna Delu ta ce, "Kai Korau, daga yau duk abin da ka gani a buɗe, ka rufe shi." Ya ce, "To, Inna." Da ta tafi biki ƙauyen gaba, ya zagaya bayan gida ya ga ɗanyen barkononta a shanye a rana, ko tsumma babu a kansa. Tausayi ya kama shi. Ya lulluɓe shi da buhuna da tsohon bargo, ya danne da duwatsu. Ta dawo bayan kwanaki ta tarar barkono ya ruɓe, wari har zaure.

Wata rana kuma Liman ya cire hula zai yi alwala a ƙofar masallaci, sanƙonsa yana ta ƙyalli. Korau na tafe da ƙwaryar kunun Baffa. Ya tsaya, ya duba hagu da dama bai ga faifai ba, sai ya kifa masa ƙwaryar. Kunu ya bi gemu ya sauka cikin riga. Ranar na ji Liman ya faɗi kalmomin da ban san ya iya ba.

Baffa ya ji labari, ya koma gida yana huci, ya iske an rufa wa jaki tabarma, an kifa wa zakara kwando. Ya ce, "Kada ka sake rufe komai. Duk abin da ka gani a lulluɓe, ka yaye shi." Korau ya ce, "To, Baffa."

Wata rana Inna Delu ta dafa kalwa, ta lulluɓe ta da ganye don ta nuna ta zama daddawa. Korau ya yaye, kaji suka yi biki. Baffa ya rantse ranar kasuwa mai zuwa sai Korau ya bar masa gida. Korau ya zauna a zaure yana kuka da majina, ni kaina sai da ya ba ni tausayi.

Ana gobe kasuwa, Baffa ya yanke jiki ya faɗi a gona da tsakar rana. Aka kawo shi gida, aka jijjiga, aka kira sunansa, shiru. Aka tuɓe masa kaya, aka lulluɓe shi da zane har fuska, aka tafi neman mai wanka. Mata na kuka, 'ya'yansa kuwa har sun fara gardamar wanda zai gaji jaki.

Korau ya shiga ɗakin, ya ga abu a lulluɓe, ya yaye. Babban ɗan Baffa ya taho da gudu, igiyar jaki a hannunsa, zai mare shi, sai iska ta bugi tsoho, ya saki wata irin atishawa. Masu ɗebo ruwan wanka suka zubar da tuluna suka yi waje.

Baffa ya buɗe ido ya ga kansa tsirara haihuwar uwarsa, ga maƙwabta cike da ƙofa suna leƙe. Ya ce da ƙaramar murya, "Korau, rufe ni."

Korau ya ce, "Baffa, ai ka hana ni."

Tsoho ya juya ya dubi babban ɗansa, har lokacin igiyar jaki na hannunsa. Ya daɗe yana kallon igiyar. Sa'an nan ya jawo zane da kansa, ya ce wa Korau, "To, zauna nan kusa da ni, ɗan banza. Ba inda za ka je."