Rasuwar Kwamfutar da Aka Sallami Mai Gadinta

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ba shi da abokin rabawa, tsohon mai buga takardu na hawa na biyu, ƙofar ƙarshe, yana sanar da rasuwar kwamfutarsa, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin cin abinci, tana da shekara tara.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Sau biyu ta sha shayi ba da son ranta ba, ba ta kai ƙara ba. Kullum da safe takan ce "tirin", kuma tun rasuwar maiɗakinsa ita kaɗai ke fara yi masa magana a gidan. Ita ya ba ajiyar muryar matar tasa: minti huɗu da aka ɗauka bisa kuskure, tana masa faɗa don ya bar taga a buɗe. Babu kwafi a ko'ina.

Ciwon ajali ya faro daga wani ɗan rubutu a kusurwar allo, mai cewa manhajarta ba ta da lasisi. Bai hana aiki ba. Amma wanda ya shekara talatin yana yaga takarda saboda ɗigo ɗaya ba ya iya zama da tabo. Ya sauko da wata manhajar bayan fage mai share rubutun kyauta. Ta ce a kashe riga-kafin kwamfutar tukuna, ya kashe da hannunsa, kamar wanda ɓarawo ya roƙa ya ɗaure kare. Rubutun kam ya gushe. Kwana uku fankarta tana "fuuu" cikin zazzaɓi, sai manhajar bayan fagen ta kulle duk abin da ke cikin kwamfutar. Garin neman gira aka rasa ido. Mai gyara ya duba, ya girgiza kai.

Ta bar caja mai naɗin salatif, da linzamin nuni a allo, da tsoho guda wanda bai yafe wa kansa ba.

Za a kai ta shagon mai gyara ranar Asabar, a cire abin da zai amfani wasu. Faifan ajiyarta zai dawo gida, domin muryar tana ciki, makulli ne babu. Ana karɓar gaisuwa a ɗakinsa kowane lokaci. Duk wanda ya san matar tasa, ya kuma iya kwaikwayon faɗanta, ana roƙonsa ya zo da wuri, don tsohon ya fara manta yadda take ɗaga murya.