Ranar da Na Haɗa Gero da Maiwa

Ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, shi ne abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba, duk da na yi iya ƙoƙarina. Mutane suna shaƙarsa su gode wa Allah. Ni kuwa in na shaƙe shi sai in fara neman inda zan ɓoye fuskata.

Shekarar ina aji biyu a kwalejin horar da malamai, ina karantar koyar da ƙananan yara. Da aka ba mu hutu sai na bar Tambuwal na tafi Kebbe gidan Baffa, ƙanin mahaifina, wanda noma ne sana'arsa. Ni kuwa 'yar ma'aikaci ce, a gidanmu hatsi a buhu yake zuwa. (Wannan kaɗai ne uzurina, kuma na san bai taka kara ya karya ba.)

A gidan akwai jikar Baffa, Kulu, 'yar shekara uku, wadda hannuwanta suka ɗauke mini hankali. In ta riƙe cokali sai ta dunƙule shi kamar mai shirin dambe. Maɓallin riga kuwa ja take yi har ta fashe da kuka, uwarta ta zo ta ɓalla mata. Nakan zauna ina kallon 'yan yatsun nan ina tambayar kaina, wai yaushe babban yatsa yake gane cewa yana da maƙwabci? Malamarmu ta ce a ba yaro ƙwayoyi manya da ƙanana, ya taɓa, ya zuba, ya tsince, domin yatsun da suka tsinci wake yau su ne za su ɗaure zariya su riƙe fensir gobe. Na ja wa wannan layi biyu a littafina. Ta kuma ce kada a bar yaro shi kaɗai da su ko na ƙiftawar ido. Wannan ban ja masa layi ba.

Ran nan aka tashi da ruwa tun asuba har hantsi. Yana ɗaukewa Baffa ya nufi gona ya duba ko lemar ƙasa ta isa shuka. Matarsa, Inna, ta shiga maƙwabta barkar haihuwa, uwar Kulu kuma tana can bayan ɗaki tana wanki. Na leƙa ɗakin Inna sai ga ƙorai huɗu a jere, kowace an rufe ta da faifai. Ɗaya wake, ɗaya dawa, biyu gero. Har na ɗan yi mamakin me ya sa aka raba gero gida biyu, sai na ba kaina amsa: ɗaya na fura, ɗaya na tuwo. Na kwaso su duka zuwa ƙarƙashin rumfa.

Na zuba wa Kulu kaɗan-kaɗan a kan faifai. Ta nutsa hannu cikin gero ta yi dariya, ta ɗauki wake ta kai kunne kamar zai gaya mata wani abu. Ga ƙamshin ƙasa, ga ɗigon ruwa daga bakin rumfa, ga yarinya tana gano duniya da yatsa. Kawai sai wani baitin waƙa ya faɗo mini. Na ce bari in ɗauko littafina, minti biyu.

Matsalar baiti ita ce ba ya zuwa shi kaɗai. Ina zaune a bakin gado ina neman ɗan'uwansa sai na ji wata ƙara mai daɗi, shaaa, kamar ruwa ya dawo. Har na lumshe ido. Sau huɗu na ji ta. (E, na ƙirga, kuma ban tashi ba.)

Da na fito, ƙorai huɗu a kife. Kulu ta jawo babban daro ta juye komai a ciki, tana juyawa da hannu biyu har gwiwar hannu.

"Anti, na yi tuwo," in ji ta.

Daidai nan Inna ta shigo, maƙwabta biyu a bayanta. Ta tsaya cik.

"Inna lillahi! Ke 'yar nan, mi kinka yi? Wa yab ba ki irin shuka?"

"Iri?"

"Iri mana! Jiya na sussuke shi da hannuna!"

"Inna, darasi ne. Na motsa yatsu."

"Yatsu?" Ta dubi daron, ta dube ni. "To, sun motsa."

Ana cikin haka sai ga sallamar Baffa, sungumi a kafaɗa, fuska a sake. "Ruwa ya kai! A kawo iri!" Babu wanda ya motsa. Ya bi idanunmu har zuwa daron, ya tsuguna, ya ɗebi hannu guda ya bar shi ya zube ta tsakanin yatsunsa.

"Wake da dawa ba komi," ya ce a hankali. "Amma ga gero, ga maiwa."

A nan ne na yi tambayar da ta ƙarasa ni. Na ce, "Baffa, ba ɗaya ba ne?"

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Ɗayar ba ta ma wahalar da kanta ba. "Shekara nawa anka ce ta yi tana karatu?"

Baffa bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da na fi samun sauƙi. Ya yi mini bayani kamar yadda ake yi wa Kulu. Gero yana nuna da wuri, shi ne ke fitar da gida daga yunwar damina. Maiwa sai bayan ruwa ya ɗauke. Gonarsu daban. Kuma wannan ba hatsin kasuwa ba ne, zangarniya ce da yake zaɓa ɗaya bayan ɗaya a lokacin girbi, tun irin da mahaifinsa ya bari. Lemar da ke ƙasa kuwa ba ta jiran kowa, kwana biyu ta tafi.

Aka shimfiɗa tabarmi. Matan da suka yi mini dariya su ne suka fara zama. Aka raba dawa da rariya, sannan aka shiga aikin ido, ƙwaya bayan ƙwaya. Aka ba ni nawa faifan. Na yi rabin awa ina rabawa da dukan zuciyata, Inna ta leƙo ta dubi tarina biyu, ta haɗe su ta juye a gabanta.

"Ke dai tahi ki tsinci wake, ke da Kulu."

Haka aka mai da ni aji ɗaya da ɗalibata. Kuma a nan, cikin tsakiyar kunya, na ga abin. Kulu ta sa babban yatsa da na kusa da shi, su biyu kawai, ta ɗauki ƙwayar wake ta saka a ƙwarya. Ta sake. Saura kaɗan in ce, "Kun gani?" Na dubi fuskar Inna na haɗiye maganata.

Zuwa la'asar an ceto mafi yawa. Maƙwabta sun yi shuka a ranar, mu sai washegari. Saura kusan rabin ƙwarya da ta gagari idon kowa, Baffa ya ɗauke ta ya tafi da ita, ni kuwa ban yi ƙarfin halin tambaya ba.

Yanzu ina koyarwa, kuma ina ba yara wake su tsinta. Amma da hannuna nake sayo shi, ba na tashi daga wurin, kuma duk ƙwaryar da na gani a rufe nakan tambayi mai ita kafin in ɗaga faifan.

Sai bayan shekara huɗu uwar Kulu ta yi suɓutar baki. Ashe Baffa bai kai ragowar nan turmi ba. Ya ware mata gefe guda a gona ya shuka, ya yi girbi sau biyu a wuri ɗaya yana bin kara ɗaya-ɗaya, don kada ƙwaya ko ɗaya ta irin mahaifinsa ta tafi tuwo. Ya kuma hana kowa ya gaya mini. Wannan gefen gonar, har yau Kwaleji suke kiransa.