Ranar da Aka Raba Mana Ruwa Daidai

Jiya da hantsi na bar shinkafata tana naɗe ganye, na tafi koyon Ingilishi. Ba da son raina ba. Gonata ce ta ƙarshe a wutsiyar kanal ɗin ban-ruwa, can hanyar Tunuga, kuma rabonta da ruwa tun kasuwar da ta wuce. Aka ce manyan furoje, wato shirin tallafin noma, sun zo gyara rabon ruwa, kowa ya hallara.

Mai Girma Sarkin Bayani, Allah ya ƙara wa motarsa sanyi, ya karɓi lasifika. Ya ce masu ba da tallafi sun aiko da kalmomin Ingilishi biyu masu kama da juna, kuma babban kuskure ne a haɗa su. Ta farko tana nufin a ba kowa ruwa awa ɗaya, ba babba ba yaro. Ta biyu kuwa a duba buƙatar kowa, na nesa ya fi samu. Akwai ma ta uku, wai mu duka tsaran juna ne. Wannan daga kan kujera mai laushi ya faɗe ta, muna kan tabarma.

Maƙwabcina Yunusa, wanda gonarsa ke jikin pampo, ya ce ta farko ta fi daɗin faɗa. Ni ta biyu ta kwanta mini, ko da yake har yanzu harshena bai iya ta ba.

Na ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, wacce ce a ciki za ta iso gonata kafin Juma'a?"

"Tambaya mai kyau, Malam. Za mu kafa kwamiti."

Gaskiya sun yi ƙoƙari. An haska mana hotuna a bango, an sa mun yi ta maimaita kalmomin har la'asar. Raina a ɓace yake, amma na tafa, don an ce ana ɗaukar hoto.

Da aka watse na bi Sule mai tayar da pampo, na roƙe shi ya sakar mana ruwa ko kaɗan ne.

"Baba, da wane man gazuwal zan tayar da shi? Na cikin tankin shi aka juye wa injin wutar taro. Sai dai wata mai zuwa."

Yau da safe na tarar da Yunusa tsugune a gonarsa, ƙasa ta fara tsagewa kamar tawa. Ya ɗago kai ya ce, "To, wannan wacce ce cikin ukun?"

Na ce masa ban sani ba. Amma tun da aka haƙa kanal ɗin nan, ban taɓa ganin an raba mana wani abu daidai kamar wannan ba.